Kafin a Ce Rawuta Ta Mutu

Wanda ya bar Sabon Tasha ya ɗauki hanyar Kachia, ya gota mashigar matatar mai, zai tarar da Mararaban Rido a shimfiɗe a bakin titi, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Daga nan hanya ke miƙewa zuwa Kujama da Kasuwan Magani da Kachia, har ta kai matafiyi Zonkwa da Kafanchan. Matatar da aka buɗe a 1980 ita ta fara jawo ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa wannan yanki, amma a yau kaso mai yawa na cinikin bakin titin yana rataye ne da sabis. Mai POS na buƙatarsa, haka mai shagon da ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, da asibitin kuɗi, da otal, da makarantar da ta tara kwamfutoci don koya wa yara amsa tambayoyi a kan allo tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta zalla a 2015. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara cusa mutane cikin tura kuɗi ta waya, ko suna so ko ba sa so. A bayan duk wannan akwai wasu ƙananan akwatuna da ba a cika kallonsu ba: rawuta a kan kanta, suwic a cikin kabad, eriya a saman ƙarfe tana kallon wata eriyar a nesa. Ranar da ɗayansu ya daina kawo haske, abin da ake ji a bakin mai shi kalma biyu ce, ta mutu, sai a fara lissafin kuɗin sabuwa.

Hujjar wannan rubutu ita ce an cika gaggawar yanke wannan hukunci. A cikin kowace irin wannan na'ura akwai sashe guda da yake cin wahalar da ta fi ta kowa, shi ne sashen da ke karɓar wutar bango ya sarrafa ta zuwa wadda na'urar za ta iya amfani da ita. Wani lokaci yana waje, wato adaftar da ake sokawa a bango, wani lokaci kuma allo ne dabam a cikin cikin na'urar. Shi ne ya fi arha a cikin kayan, shi ne ya fi ɗaukar zafi, kuma shi ne farkon abin da mummunar wuta ke tararwa. Don haka idan na'ura ta yi shiru, hankali ya ce a fara tuhumarsa kafin a tuhumi sauran, a gyara shi ko a musanya shi, a bar allon da ke ɗauke da ainihin aikin ya ci gaba da rayuwa. Sai dai gyaran da nake karewa yana da sharaɗi, domin akwai abin da ake yi a bakin titi da sunan gyara wanda gwamma jefarwa da shi.

Sai an san yadda abin yake aiki kafin a gane inda yake karyewa. Wutar da ake rabawa a Najeriya a ƙa'ida bolt 230 ce, mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Rawutar gida kuwa yawanci bolt 12 ko 9 take so, miƙaƙƙiya, marar tangarɗa, kuma a cikin allonta ana ƙara rage ta zuwa bolt 3.3 da ƙasa da haka. Adaftocin da, masu nauyi a hannu, taransifoma ce babba a cikinsu. Na yanzu dabara suka sake. Wuta na shigowa ta ratsa fis, ta wuce wani ɗan faifai mai shanye tsallen wuta da ake kira MOV, ta shiga dayod huɗu da ke miƙar da ita, sannan ta taru a babbar kafasita. A nan ƙarfinta yakan kai wajen bolt 325, domin 230 ɗin da mita ke nunawa ba shi ne ƙololuwar wutar ba. Daga nan wata taransista ke datsa ta tana saki sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, wannan saurin ne ya sa 'yar ƙaramar taransifoma take iya aikin da a da sai babba. A ɗaya ɓangaren taransifomar wani dayod ya sake miƙar da wutar, wasu ƙananan kafasitoci su lallashe ta, sai ta fita zuwa na'ura. Akwai kuma ɗan saƙo da ke komawa baya ta hanyar haske, ta cikin wani ɗan abu mai ƙafa huɗu irin PC817, yana gaya wa ɓangaren farko ya ƙara ko ya rage, ba tare da waya ta haɗa ɓangarorin biyu ba. Aikin kafasita a cikin wannan tsari kamar na randa ne a gidan da famfo ke kawo ruwa yana ɗaukewa: ana zuba mata a gutsuttsure, ana ɗiba daga cikinta a natse. Idan ta tsage, kowane ɗaukewar famfo sai ya bayyana a bakin mai sha.

Kafasitar da ake amfani da ita a nan tana da ruwan sinadari a cikinta, kuma ruwan yana bushewa a hankali ko da ba abin da ya same ta. Masu ƙera ta sukan rubuta mata wa'adi, misali awa 2,000 a zafin digiri 85 ko 105, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka ranta, duk ƙarin digiri 10 yana raba shi biyu. A ɗauki adafta a cikin shagon kwano marar silin a watan Maris ko Afrilu, an tura ta bayan firij ko cikin akwatin katako don gudun ɓarayi, tana aiki dare da rana. Ba abin mamaki ba ne cikinta ya kai digiri 65. A wannan zafi, kafasita mai lambar 105 lissafi ya ba ta awa 32,000, wato fiye da shekara uku da rabi. Mai lambar 85 kuwa awa 8,000 ce rabonta, alhali shekara guda awa 8,760 ce. Bambancin kuɗin da ke tsakanin su biyun ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma masana'antar da ke fitar da miliyoyin adaftoci tana ganinsa, kuma sau da yawa mai arhar take zaɓa. Sai a haɗa da ƙurar hunturu da ke toshe ramukan shan iska da fankar suwic, sannan damina ta zo da laima ta jiƙa ƙurar da ta kwanta a kan allo. Kudancin Kaduna ya fi arewacin jihar ruwa nesa ba kusa ba, don haka na'urar da ke Kafanchan ko Kagoro tana shan wannan fiye da 'yar'uwarta ta Zariya.

Zafi yana kisa ne a hankali, ita kuwa wuta takan yi shi nan take. Duk lokacin da aka kawo wuta, babbar kafasita tana wofi, sai ta zuƙi wuta mai yawa a ƙiftawar ido. Akwai wani ɗan abu mai suna NTC da aka sa don rage wannan zuƙa, amma yana aiki ne idan ya huce. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita cikin 'yan daƙiƙu, yana nan da zafinsa, ba ya tare komai, dayod da fis su ke shan dukan. Na'urar da aka zana da tunanin za a kunna ta sau ɗaya ta yi wata shida ba a kashe ba, a nan tana iya ganin wannan duka sau da dama a wuni, tsakanin wutar NEPA da janareta da inbata. Mafi muni shi ne yankewar wayar nutural a layin unguwa, ko don tsatsa ko don an sace ta a jikin taransifoma. Idan haka ta faru, wani gida wutarsa ta yi ƙasa, wani kuma ta haura zuwa kusa da bolt 400 da ke tsakanin layi da layi. Ƙololuwar wannan ta wuce bolt 560, kafasitar kuwa galibi 400 aka rubuta a jikinta, shi ya sa ake jin ƙara da ƙauri a gidaje da dama lokaci guda. Ƙananan janaretoci ma ba su da tabbas, idan aka kashe abu mai cin wuta da yawa sukan yi tsalle kafin su daidaita. A Oktoban 2024, lokacin da lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar layin Ugwuaji zuwa Apir suka jefa yawancin Arewa cikin duhu na sama da mako guda, duk wata rawuta da ta ci gaba da aiki a kan irin waɗannan injina da batura ta rayu.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne sashen wuta ba kullum yake mutuwa gaba ɗaya ba. Idan ƙananan kafasitocin fita suka fara bushewa, fitilun rawuta suna kamawa, amma tana kashe kanta tana sake tashi, ko sabis ya riƙa yankewa daidai lokacin da mutane suka yi yawa a kai, domin a lokacin ne take neman wuta sosai. Mai shago zai zargi kamfanin layi, ya canza sim, ya kira wanda ya haɗa masa na'urar ya goge saitinta, duk a banza. Ko mita ma tana iya yaudara, domin adaftar da ba a ɗora mata kaya ba za ta nuna bolt 12 cif, sai an jona na'ura take durƙushewa, kuma tangarɗar da ke kan wutar mita ta gama-gari ba ta ganinta. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a kawo wata adafta da aka tabbatar da lafiyarta, mai bolt iri ɗaya, mai amfiya daidai ko fiye, kuma a duba zanen da ke nuna ko tsakiyar bakinta ne ke ɗauke da wutar ko gefensa. A eriyoyin da ake ba wuta ta cikin wayar intanet ana buƙatar ƙarin kula. Akwai tsarin da hukumar IEEE ta fitar a 2003 mai aiki da wajen bolt 48, wanda yake fara tambayar na'ura kafin ya sakar mata wuta, akwai kuma na bolt 24 da ake samu a eriyoyi da yawa na Ubiquiti da MikroTik, wanda yake sakin wuta kai tsaye. Akwai ma masu sakin 48 ba tare da tambaya ba. Kamanninsu ɗaya, bakinsu ɗaya, kuma wanda ya jona mai 48 a eriya mai 24 ya ƙona abin da ya zo ceto.

Idan gwaji ya tabbatar sashen wuta ne, nan ake gane mai gyara na gaskiya. Abu na farko da yake yi bayan cire fulogi shi ne sauke wutar da ta rage a babbar kafasita ta hanyar resista ko ƙwan fitila, domin tana iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an cire ta daga bango, musamman idan lalacewar ta hana ta zubarwa. Sai ya duba da ido: kafasita mai kumburin kai ko mai yoyo, wurin da allo ya yi baƙi, dalmar da ta tsage a ƙafar taransifoma saboda zafi da sanyi. Idan ya tarar fis ya ƙone, ya san fis ba ya ƙonewa haka kawai, wani abu ne a gaba ya haɗe, ko MOV, ko dayod, ko taransistar da ke datsa wuta, kuma idan taransistar ce, sau da yawa takan tafi da resistar da ke ƙarƙashinta da ƙaramin guntun da ke ba ta umarni. Idan kuma fis lafiya lau amma babu motsi, ko ana jin ɗan ƙara yana tashi yana faɗuwa, zai nemi resistar tayarwa da wata 'yar ƙaramar kafasita da ke kusa da guntun, wadda takan bushe ba tare da ta kumbura ba. Bayan ya canza abin da ya lalace, ba ya soka allon a bango kai tsaye. Yakan bi da wutar ta cikin ƙwan fitila irin na da, mai zare, idan ƙwan ya yi haske ya dushe, alama ce mai kyau, idan ya tsaya da haske sosai, akwai sauran haɗewa, kuma ƙwan ya hana sababbin kayan ƙonewa. Daga ƙarshe ya ɗora wa allon kaya ya bar shi ya yi zafi na ɗan lokaci yana aunawa. Wanda ya yi haka, ya kuma sa kafasita mai lambar 105 irin wadda aka yi don wannan aiki a gurbin mai 85, yakan mayar wa mai kaya abin da ya fi wanda ya saya tun farko. Wanda kuwa ya ɗaure gurbin fis da silin waya, ko ya cire MOV da ya ƙone ya bar wurin haka don na'ura tana kamawa ba tare da shi ba, ya cire kariyar ne kawai, kuma lalacewa ta gaba za ta kai ga allon mai tsada ko ga rufin shago.

Suka ta farko da za a yi wa wannan magana ita ce ta kuɗi: me ya sa za a biya mai gyara alhali adafta sabuwa tana nan a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko a shagunan Sabon Tasha? A kan ƙaramar adaftar rawuta, wadda aka liƙe bakinta da gam ta yadda sai an fasa ake buɗewa, na yarda da masu wannan suka, kuma musanya ta ma cikin abin da nake kira ne, tunda rawutar ta tsira. Sharaɗin kawai a samu ta ƙwarai, domin kasuwa cike take da masu ɗauke da lambar amfiya 2 da ba sa iya ba da rabinsa, marasa nauyi a hannu saboda an zare musu kayan tacewa da na kariya. Araha ba ta ado. Amma lissafin yana juyewa da zarar an zo kan suwic mai baki 24 ko mai raba wa kyamarori da eriyoyi wuta, wanda sashen wutarsa ke ciki. Irin wannan da dala ake shigo da shi, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake lissafa ta a kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Kuɗin ɗalibi da ribar mai shago ba su ninka haka ba. Kafasitoci biyar da taransista ɗaya da ladan mai gyara ba su kai komai ba idan aka jera su da kuɗin sabon suwic, ga kuma saitin da ke cikin tsohon, wanda sau da yawa wanda ya yi shi ya bar gari kuma babu wanda ya ajiye kwafinsa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta haɗari, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. A kan allon sashen wuta akwai wani fili da aka bari da gangan tsakanin ɓangaren wutar bango da ɓangaren da ke zuwa na'ura, wani lokaci har da tsaga a jikin allon. Abubuwa uku ne kawai ke ƙetare shi: taransifoma, da ɗan abin saƙon haske, da wata kafasita ta musamman da aka ƙera don idan ta lalace ta yanke maimakon ta haɗe. Duk wanda ya bar ɗigon dalma a wannan fili, ko ya sa kafasita ta gama-gari a gurbin ta musamman, ya buɗe wa wutar bango hanya zuwa wayar intanet, zuwa ƙarfen eriya, zuwa hannun yaron da zai hau ya juya ta. Wannan gaskiya ce. Sai dai abin da take nunawa shi ne a koyar da aikin yadda ya kamata, domin hana gyara ba zai faru ba a ƙasar da mutane ba su da kuɗin saye sau biyu, kuma adaftar jabu da ake saye sabuwa ita ma sau da yawa ba ta da wannan fili. Kaduna ba ta rasa wuraren da za su ɗauki wannan nauyi ba. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a Kaduna hedikwatarta take, kuma ita da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sun riga sun shiga aikin tantance masu sana'ar hannu na kasuwar Panteka da ba su shaidar ƙwarewa. Masu gyaran rediyo da talabijin da ke kan hanyar Kachia har zuwa Kafanchan sun san dalma da mita tun kafin GSM ya shigo a 2001, kuma talabijin na zamani irin wannan sashen wutar ne a cikinsa. Abin da ya rage musu kaɗan ne: ƙa'idojin kariya, da na'urar auna lafiyar kafasita, da hanyar samun kaya na asali maimakon waɗanda aka ciro daga matattun alluna, waɗanda su ma sun riga sun sha zafi.

Wasu kuma za su ce lokaci ya fi kuɗin na'ura tsada, cibiyar jarrabawa ba za ta jira mai gyara ba alhali ɗalibai na zaune, kuma manyan kamfanonin sadarwa ba sa tsayawa liƙa dalma. Haka ne, amma a duba abin da manyan suke yi. Na'urorin turakun waya suna aiki ne da miƙaƙƙiyar wuta ta bolt 48 daga batura, kuma abin da ke cajin baturan jerin akwatuna ne masu zarewa, an sa fiye da buƙata ta yadda idan ɗaya ya faɗi sauran su ɗauka, ma'aikaci ya zare shi ya tura wani ba tare da an kashe komai ba. Wato sun riga sun amince cewa sashen wuta ne zai fara faɗuwa, sun tsara aikinsu a kan haka. Ƙaramar cibiya za ta iya kwaikwayon wannan da kuɗi kaɗan: adafta ta ajiya a aljihun tebur, mai raba wutar eriya guda na ajiya da aka rubuta bolt ɗinsa a jiki, tsohon suwic da aka gyara yana jiran rana. A jona na ajiya, aiki ya ci gaba, wanda ya lalace ya tafi wurin mai gyara ba tare da gaggawa ba. Gaggawa ce ke haifar da mafi yawan mummunan gyara, lokacin da mai kaya ke tsaye a kan mai gyara yana cewa ko yaya ne a sa ta kama.

Suka ta ƙarshe ita ce tushen matsalar wutar ƙasa ce, kuma abin da aka gyara yau gobe za ta sake ƙona shi. Rabin wannan gaskiya ne. Akwai lalacewar da gyaran sashen wuta ba ya magancewa, musamman tsawa, wadda takan biyo wayar da ta sauko daga eriya ta shiga ta bakin suwic ta ƙona ainihin allon, kuma a nan sau da yawa babu abin ceto. Amma ɗora komai a kan wutar ƙasa yana ɓoye rabon da ingancin kaya ke da shi. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000, kwamfutoci da na'urori masu ɗimbin yawa sun mutu da wuri a Amurka da Turai, inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba, saboda wasu masana'antu a Taiwan sun yi amfani da gurɓataccen haɗin ruwan kafasita, har kamfanin Dell ya yi asara mai yawa wajen canza allunan kwamfutocinsa. Idan mummunar kafasita na kisa a kan kyakkyawar wuta, to kyakkyawar kafasita na ƙara rai a kan mummunar wuta. Sannan gyaran da ya nemi sanadi ba ya ƙarewa a kan benci. Mai gyaran da ya ga kafasitoci sun bushe ya kamata ya ce a fitar da na'urar daga akwati a ba ta iska. Wanda ya ga MOV ya fashe ya ce a sa abin da ke yanke wuta idan ta haura ko ta yi ƙasa, mai jinkirta dawowa na 'yan mintuna, irin wanda ake sa wa firij. Wanda ya ga alamar tsawa ya tambayi ko ƙarfen eriya na da sandar ƙasa da aka binne da kyau. A wuraren da ke da sola akwai hanyar da ta fi duka: tunda rawuta miƙaƙƙiyar wuta take so, kuma batir ita yake bayarwa, babu dalilin ɗaga ta zuwa 230 da inbata sannan a sake sauke ta da adafta. Sai dai batir mai bolt 12 yakan haura 14 lokacin caji, don haka a sa ɗan abin daidaitawa da fis a tsakani, ko a tabbatar na'urar tana cikin masu karɓar wuta mai faɗin iyaka, kamar yadda ake rubutawa a jikin wasu.

Duniya ma ta fara juyowa wannan wajen, ko da yake da nata dalilan. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce an zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Faransa ta wajabta liƙa makin sauƙin gyara a jikin wasu kayayyaki tun Janairun 2021, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. Mu a nan sharar takan ƙare a hannun 'yan gwangwan, a ƙone robar a ciri tagulla, hayaƙin ya shiga ƙirjin yara. Ba mu da ƙarfin tilasta wa masana'antun Sin ko Turai su sauya zane, amma mai saye yana da ɗan iko a hannunsa ranar saye. Shugaban makaranta a Mararaban Rido ko jami'in asibiti a Zonkwa da zai sa hannu a takardar sayen kayan sadarwa zai iya tambayar ko sashen wutar a waje yake ko a ciki, idan a ciki ne ko da noti aka ɗaure murfin kuma allon dabam yake, wane bolt yake fitarwa, kuma ko mai kawo kayan zai haɗa da na ajiya. Zai iya kuma neman a ba shi kwafin saitin na'urar a ajiye a ofis, tare da rubuta ranar da aka kunna ta a jikinta, ta yadda idan ta shekara uku a ɗakin da ke da zafi za a kai ta a canza mata kafasitoci lokacin hutun makaranta, tun ba ta faɗi ana tsakiyar jarrabawa ba.